Jami'a a Dandalin Ƙauye: Tarihin Wasan Manoma da Aikin Samaru a Zariya

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da ya karanta tarihin wasan kwaikwayo yakan tashi da jerin sunaye a ka: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, sai kuma wasannin rediyo da talabijin irin su Samanja. Akwai wani reshe na wannan tarihi da ba kasafai ake kawo shi a aji ba, domin bai bar littafin da za a ɗora a tsarin jarrabawa ba. Wannan reshe shi ne wasannin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa shiryawa da Hausa a ƙauyukan ƙasar Zazzau da ta Katsina tun daga shekarar 1977. A dandali aka yi su, a gaban manoma, da aka tashi kuma babu abin da ya rage sai abin da mutane suka riƙe a zuciya.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka soma fitar da ɗaliban digirin farko daga aji zuwa ƙauye, da mutanen da suka jagoranci aikin, da yadda tsarinsa ya sauya cikin shekaru kaɗan. Jami'a ta fita ne da niyyar karantar da manomi, ba a daɗe ba ta fahimci cewa ɗalibinta ya fi manomin bukatar karatun. Ta yadda aka kai ga wannan fahimta, da tambayar da ta bari ba a amsa ba, su ne jigon bayanin.

Gadon "Wayar da Kai"

Kafin a fahimci abin da aka yi a Zariya, wajibi ne a san abin da aka tarar. Tun zamanin Turawa hukuma ta saba aika wa talakawa saƙo ta hanyar nishaɗi. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridu. Motocin majigi suna yawo gari-gari, ana kafa farin ƙyalle da dare a nuna fina-finai irin su Baban Larai, waɗanda ke koyar da noman zamani. Malaman gona da 'yan duba-gari su ma suna nasu zagayen. Wannan aiki ya yi amfani, domin dubban mutane sun koyi karatu da rubutun boko ta dalilinsa.

Sai dai saƙon hanya ɗaya yake bi, daga sama zuwa ƙasa. Yawancin irin waɗannan wasanni da fina-finai taurari biyu gare su: wayayye wanda ya bi shawarar hukuma ya ci riba, da bagidaje wanda ya ƙi ji ya yi asara. Kalmar da aka zaɓa wa aikin ma ta isa abin nazari. Idan an ce "wayar da kai", tushen maganar ɗaya ne da "gari ya waye". Ke nan an riga an ɗauka cewa kan wanda za a je wurinsa yana cikin duhu, kuma mai zuwa shi ke ɗauke da fitila.

Wasannin gargajiyar Hausawa kuwa sau da yawa akasin haka suke tafiya. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsa. A kalankuwa samarin ƙauye ne ke naɗa nasu shugabanni da alƙalai da 'yan doka bayan an kawar da amfanin gona, su kwaikwayi yadda ake mulki. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai, yara masu tashe kuma suna bi gida-gida a watan azumi suna nuna halayen manya. A duk waɗannan, na ƙasa ne ke riƙa wa na sama madubi. Ɗaliban Zariya sun fita da tsarin majigi a kansu, ƙauye ne ya komar da su ga tsarin kalankuwa.

Samaru Kafin Zuwan 'Yan Wasa

An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962, tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashinta. A tsallaken titin da ya nufi Funtuwa da Sakkwato, daidai ƙofar jami'a, garin Samaru ya yi ta bunƙasa da masinjoji da direbobi da leburori da masu dafa abinci da 'yan tireda, wato mutanen da jami'a ba za ta kwana ɗaya ba tare da su ba. A cikin shinge akwai fitilu da famfo da tituna masu kwalta. A wajen shinge akwai cunkoso da kwatami da wahalar ruwa. Titi guda ne ya raba su.

Tun kafin a fara koyar da wasan kwaikwayo, wasu sassan jami'ar sun soma tsallaka wannan titi. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman da abokan aikinsa suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta abin da kowane gida ya shuka da kwanakin aikin da ya kashe da abin da ya girbe. A lokacin, malaman gona suna kallon haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin rashin sani, suna kira da a riƙa shuka iri guda a jere. Binciken ya nuna cewa manomi ya san abin da yake yi: haɗin yana ba shi amfani mai yawa a ƙaramin fili, kuma idan damina ta yi gardama wani iri ya ƙi, wani zai yi. Wannan sakamako ya yi tasiri a kan binciken noma har a wajen Nijeriya.

A Sashen Tarihi, inda Abdullahi Smith ya yi jagoranci, an ɗora ɗaliban shekarar ƙarshe a kan rubuta kundi game da garuruwansu, abin da ya tilasta musu zama a gaban dattawa da neman tsofaffin takardun ajami da na Larabci a zaurukan malamai. Ɗaliban likitanci kuma ana tura su Malumfashi su ga yadda cuta take a karkara. Saboda haka ra'ayin cewa akwai ilimi a wajen shingen jami'a ba baƙo ba ne a Samaru lokacin da 'yan wasa suka iso.

Shekarar 1975: Sabon Fanni da Sabon Ɗaki

A 1975 aka soma koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Sashen Ingilishi. Wanda ya jagoranci shirin shi ne Michael Etherton, wanda ya koyar a Jami'ar Zambiya, inda shi da ɗalibansa suka gina wani dandalin wasa a fili mai suna Chikwakwa, suka kuma riƙa kai wasanni larduna cikin harsunan ƙasar. A Zariya ya haɗu da Brian Crow da wasu malamai, sannan cikin ɗaliban farko aka sami Salihu Bappa da Oga Steve Abah, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙan aikin.

Abu na farko da ya bambanta shirin shi ne ɗakin da aka gina masa. Wani Ba'amurke mai koyar da zanen gine-gine a jami'ar, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi, maginan Hausa kuma suka ɗora shi da ƙasa da jinka wajen 1976. Ɗakuna ne zagayayyu, katanga ta haɗa su, ga fili a tsakiya, kamar dai gidan Bahaushe na karkara. Babu dogon dandamali mai labule wanda zai raba 'yan wasa da 'yan kallo. Ɗalibin da ya saba wasa a irin wannan wuri, mutane kewaye da shi ta kowace fuska, ba zai ji baƙunta ba idan aka kai shi dandalin ƙauye. Ginin kansa haɗin gwiwa ne tsakanin mai zane da magini da malamin adabi, kuma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malaman suna kuma bibiyar abin da ke faruwa a wasu ƙasashe. Paulo Freire na Birazil ya soki irin karatun da ake ɗaukar ɗalibi kamar asusu, malami yana zuba masa ilimi yana ajiyewa. Ɗan ƙasarsu Augusto Boal ya fito da salon wasan da ɗan kallo zai iya tsayar da shi ya shiga ya sauya abin da tauraro ya yi. A Botsuwana an fara wani shiri mai suna Laedza Batanani a 1974, inda ma'aikatan ilimin manya ke amfani da wasa don tattauna matsalolin ƙauye. A Kenya kuwa marubuci Ngugi wa Thiong'o ya yi aiki da manoma da leburorin Kamiriithu suka shirya wasa da harshen Kikuyu a 1977.

Wasan Manoma

A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, bayan da kuɗin man fetur ya janye hankali daga gona har Nijeriya ta koma sayo abinci daga waje. An cika rediyo da kiraye-kirayen a koma gona, an karya farashin takin zamani, har an tura ɗaliban manyan makarantu karkara a lokacin dogon hutu domin su taimaka wa manoma. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba.

A cikin wannan yanayi ne, a 1977, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo suka nufi ƙasar Soba, gabas da Zariya. Sun fara da tambayar manoma abin da ke damunsu, suka koma jami'a suka tsara gajerun wasanni da Hausa a kan abin da suka jiyo, sannan suka dawo suka nuna. Wannan shi ake kira Wasan Manoma. Damuwar manomin wancan zamani sananniya ce: takin da aka ce an sauƙaƙa yakan maƙale a hannun masu hanya, ya iso a makare ko da tsada, rancen banki na mai takardar fili ne, ɗan ƙaramin manomi kuma yakan sayar da hatsinsa da arha da kaka ya saye shi da tsada da bazara.

An sami ci gaba a kan majigi, tunda daga bakin manoma aka ɗauko labarin. Amma waɗanda suka yi aikin su da kansu suka fara sukarsa, kuma sun rubuta haka daga baya. Manomi ya ba da labari, ɗalibi ya tafi da shi, ya yanke abin da ya ga dama, ya ƙulla masa ƙarshe, ya dawo da shi a kammale. Abin da ya rage wa mai labarin shi ne ya kalla, ya yi dariya, ya yi godiya. Hukunci a kan mene ne matsalar da mece ce mafita yana nan a hannun baƙo. Sun lura cewa sun sauya saƙon, amma hanyar da yake bi tana nan yadda take.

Maska da Bomo: Wasan da Ba a Kammala ba

A 1979 aka kai aikin Maska, kusa da Funtuwa, wadda a lokacin take cikin Jihar Kaduna kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Yankin yana cikin babban shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. A wannan karo an haɗa ɗalibai da ma'aikatan ilimin manya, wato mutanen da aikinsu ke nan a karkara ko da jami'a ta tafi. Salihu Bappa ya rubuta bayanin wannan aiki, aka buga a 1981.

A 1980 aka koma Bomo, ƙauyen da ke maƙwabtaka da jami'ar. A nan ne tsarin ya ɗauki kamannin da aka san shi da su. Maimakon a kai wasa kammalalle, sai a zauna da manoma a fara ƙulla labari tare, a nuna fitowa ɗaya, a tsaya, a tambaya ko haka abin yake faruwa. Wanda ya ce ba haka ba ne, sai a ce ya taso ya nuna. Da haka gwajin wasan ya fi nunin muhimmanci, domin a wurin gwaji ake gardama.

A ɗauki misali domin a ga yadda salon ke aiki. An nuna manomi ya jinginar da gonarsa don ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, lokacin fansa ya yi bai da kuɗi. Ɗalibi mai ɗanyen jini zai ce mafita ita ce ya kai ƙara kotu. Sai a ce to, a gwada. Wani manomi ya zama alƙali, wani ya zama mai kuɗin, wani ya zama shaida. Nan take za a ga abin da ɗalibin bai sani ba: kuɗin mota zuwa kotu, da kwanakin aikin da za a rasa a tsakiyar damina, da cewa shaidar shi ma yana cin bashi a gidan mai kuɗin, da cewa ko an yi nasara gobe a gari ɗaya za a kwana. Mafita ta farko ta rushe, a nemi wata, ita ma a gwada ta. Ba lallai a tashi da amsa ba, amma kowa zai tashi ya ga inda igiyar ta ɗaure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan aka shigar da aikin cikin manhaja. Ɗalibai a farkon karatunsu suna yin Aikin Samaru: su tsallaka titi, su bi unguwanni suna tambaya, su shirya wasa a kan abin da suka gani, su nuna a kan layi. Waɗanda suka ƙara gaba kuma sukan tare a wani ƙauye na 'yan kwanaki, su ci abin da ake ci, su sha ruwan da ake sha. A farkon shekarun 1980 an gudanar da irin wannan taro a Jihar Binuwai, a 1989 kuma aka kafa ƙungiyar masu wasan kwaikwayon al'umma ta Nijeriya, wadda Oga Abah yake cikin jagororinta. Daga baya jami'ar ta sami cibiya ta musamman kan wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, fannin kuma ya zama sashe mai zaman kansa.

Abin da Ɗalibi Ya Koya

Darasi na farko na harshe ne, kuma shi ya fi shafar mai nazarin Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello ta tara ɗalibai daga ko'ina a Nijeriya. Wasu ba sa jin Hausa sam, wasu suna jin ta kasuwa, wasu kuma Hausawa ne amma makarantar kwana ta nisanta su da Hausar gona. A aji wanda ya fi Ingilishi shi ne gaba. A ƙauye sai jeri ya juye, wanda ya san yadda ake gaida dattijo da yadda ake shiga zaure ya zama jagora.

Jin kalmomi kaɗai bai wadatar ba. Idan ka tambayi manomi yaya damina, zai ce maka sai godiya, ko da tsutsa ta cinye masa dawa. Mai binciken da ya rubuta cewa mutanen nan ba su da koke ya jahilci kunya da kawaici da tawakkali. Koken yana nan, amma a cikin habaici yake, ko karin magana, ko labarin "wani mutum a wani gari". Wasan kwaikwayo ya dace da wannan ɗabi'a, domin yana ba mutum rigar da zai saka ya faɗi abin da ba zai faɗa da bakinsa ba, in an tambaye shi ya ce ai wasa ne. Haka kuma ɗalibi dole ya bambance gandu da gayauna, da aro da haya da jingina, da gayya da ƙwadago. Wanda ya fassara su duka da kalma ɗaya ta Turanci ba zai gane rikicin da ake yi a gabansa ba.

Darasi na biyu shi ne matsalar ƙauye ba ta san rabe-raben tsangayoyi ba. Maganar rijiya ɗaya ta ƙunshi kiwon lafiya da aikin injiniya da siyasar ƙaramar hukuma da tarihin wanda ya mallaki filin. Ɗalibin adabi da ya je shirya wasa a kan taki sai ya sami kansa yana tambayar malamin gona, yana karanta Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, yana lissafin kuɗin ruwa. Bukata ce ta kai shi ƙofar wasu sassan, ba umurnin manhaja ba.

Darasi na uku ya shafi dangantakar malami da ɗalibi. A aji malami yana tsaye, ɗalibi yana zaune yana rubutu. A ƙauye tabarma ɗaya suke kwana, kuma idan dattijo ya ce labarin nan ba haka yake ba, su biyun ya gyara wa zama. Ɗalibi yana ganin yadda malaminsa ke tambaya, da yadda yake yin shiru, da yadda yake karɓar gyara. Wannan ya yi kama da yadda ɗan koyo ke tashi a maƙera ko a gaban malamin zaure, inda ake ɗaukar sana'a da ido kafin a ɗauke ta da kunne. Ta wannan hanya aikin ya yi jikoki: Etherton da Crow suka reni su Bappa da Abah, su kuma suka reni irin su Jenkeri Okwori da Samuel Kafewo, waɗanda suka zama malamai a wannan fanni.

Baƙo Raɓa ne

Tarihin bai cika ba idan ba a faɗi inda aikin ya gaza ba. Babbar matsalar ita ce ɗalibi maki ya je nema. Yana da ranar komawa, da jarrabawa a gabansa, da takardar shaidar da zai karɓa ya tafi Kaduna ko Legas. Manomin da ya tashi a gaban jama'a ya kwaikwayi mai rabon taki yana nan a garin, kuma mai rabon takin ya gane wanda ake nufi. Mutanen Samaru, waɗanda ake zuwa wa kowace shekara da tambayoyi iri ɗaya a kan kwatami da shara, suna da hujja idan suka tambaya me zuwan bara ya haifar.

Haɗarin kuma na gaske ne. A Kenya an tsare Ngugi a ƙarshen Disambar 1977 har kusan shekara guda ba tare da shari'a ba, a 1982 kuma hukuma ta rushe dandalin Kamiriithu. A gida Nijeriya, a watan Afrilun 1980, 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci, aka kashe mutane da dama. A shekarar da ake gwajin wasa a Bomo ke nan. Duk wanda ke zuga manomi ya yi magana a kan fili a wancan lokaci ya san abin da magana ke iya jawowa, kuma ya san ba shi zai biya ba.

Akwai kuma batun mata. A garuruwan da ake kulle, matan aure ba sa fitowa dandali, saboda haka "ra'ayin gari" da ake tattarawa yakan zama ra'ayin maza, sai fa in ɗalibai mata sun shiga cikin gidaje. Bayan haka, da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kuɗin fita karkara ya yi wuya a jami'a, sai ƙungiyoyin agaji na waje suka zama masu ɗaukar nauyi. Mai ba da kuɗi yakan zo da jigonsa a rubuce, ko rigakafi ko cutar ƙanjamau ko zaɓe. Jigogi ne masu muhimmanci, amma idan an riga an san saƙo kafin a isa gari, to an koma gidan jiya, majigi ne ya dawo da sabuwar riga.

Daga Zariya zuwa Hanyar Gwanja

Tambayar abin da zai biyo bayan tafiyar ɗalibi ba Zariya kaɗai ta dama ba, kuma wasu amsoshin sun fito ne daga ƙasashen da ke kan tsohuwar hanyar fataken goro ta Gwanja. A Tamale da ke arewacin Gana an kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba a 1992, aka raba shekarar karatu gida uku, aka ware zango na uku domin zaman karkara. Ana haɗa ɗalibai daga tsangayoyi daban-daban a rukuni guda, su tare a ƙauye na makonni, su rubuta bayanin garin da bukatunsa tare da mutanensa, sannan su koma wannan ƙauyen a shekara ta gaba. Komawar ita ce abin lura, domin wanda ya san zai dawo yakan yi hattara da alkawari. A Burkina Faso kuma, wani malamin Jami'ar Wagadugu, Prosper Kompaore, ya kafa ƙungiyar wasa a 1978 wadda ta shahara da salon da 'yan kallo ke shiga su sauya labari.

Maƙwabcin waɗannan ƙasashe biyu shi ne arewacin Togo, inda zango-zangon Hausawa suka kafu a garuruwa irin su Sokode da Mango tun zamanin fatauci. Jami'ar Kara, wadda ta fara karatu a 2004, tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sokode ta bi ta Tanjuware ta kai Dapaong. Ɗan zangon da ke karatu a can yana cikin halin da ɗalibin Samaru ya sami kansa a 1977: da Faransanci ake ba shi darasi, da Hausa yake magana a gida, manoman da ke kewaye da shi kuma Tem ko Moba ko Kabiye suke ji. Abin da tarihin Zariya zai gaya masa shi ne harsunan nan da ba a ba shi maki a kansu su ne kayan aikinsa ranar da zai fita daga aji, kuma inda Hausarsa ta tsaya, sai ya nemi ɗan gari ya zama malaminsa.

Kammalawa

An ga yadda aikin ya tashi daga kai wa manoma wasa a Soba a 1977, zuwa shirya shi tare da su a Maska da Bomo, har ya zama darasin da ɗalibai ke bi shekara bayan shekara. Ribar da ɗalibai suka samu a bayyane take: sun koyi sauraro, sun koyi Hausar da ba ta cikin ƙamus, sun ga yadda fannoni ke cuɗanya a rayuwar mutum guda. Ribar ƙauye ita ce har yanzu ake muhawara a kanta.

Ga mai nazarin Hausa akwai aiki a nan. Waɗannan wasanni da Hausa aka yi su, amma kusan duk abin da aka rubuta a kansu da Ingilishi ne, kuma daga bakin malamai da ɗalibai. Samarin da suka shiga wasa a Bomo a 1980, waɗanda ke raye a cikinsu yanzu dattawa ne. Ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya zuwa ya zauna da su, ya ji me suka riƙe, me suka ɗauka baƙin nan sun zo yi, me kuma ya faru bayan motar jami'a ta tashi. In ya rubuta, ya koma ya karanta musu kafin ya miƙa wa malaminsa.